Daɓen Dutsen Goggo

Goggo ta cika ranar Talata da ƙarfe goma da kwata na safe, a ɗakinta da ke Sabon Garin Jega. Mu huɗu ne a wurin: ni, da yayana wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, da matarsa, da wata tsohuwa maƙwabciyarta da ta riƙa ɗiga mata ruwa a baki. Ba ta bar wasiyya ba, domin tun ranar Lahadi magana ta ɗauke mata. Yayana ne ya shafe mata ido, ni na fita na sanar da liman. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta riƙe ni da yayana bayan rasuwar mahaifiyarmu, a gidan mijinta, kuma a hannunta muka yi wayo. Ina rubuta wannan don kada a manta da ita. Ina kuma rubuta shi don akwai daɓen dutse a barandar ɗakinta wanda ta kashe rayuwarta tana kula da shi, mu da kanmu muka lalata shi a zaman makokinta, kuma an yanke cewa bayan sadakar arba'in za a fasa shi da guduma. Zan faɗi yadda abin ya kasance bi da bi.

Kafin azahar gida ya cika. Dangi sun zo daga Aliero a kan kabu-kabu, biyu-biyu. Abokan aikina na dā sun zo daga Maiyama. Mata sun zo a ƙasa daga Gehuru. Ina tsaye bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa, na lura da abu ɗaya. Duk wanda ya san Goggo, in ya kai bakin baranda sai ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya karkaɗe tafin ƙafarsa da hannu, sannan ya hau. Ba wanda ya ce su yi. Tana kwance a ciki an lulluɓe ta, amma suna yi kamar tana zaune a kujerarta tana kallon ƙafafunsu. Waɗanda ba su san ta ba kuwa suka riƙa hawa da takalmi, ba mai hana su.

Wata dattijuwa ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kan dutsen. Ta daɗe a haka. Ta ce, "Har yanzu da sanyinai. Yau wa za ya yi muna tsawa?"

Wani direba, tsohon yaron motar mijinta, ya ce, "Ni ta taɓa korata da muciya, don na hau da takalmin gareji." Ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya rufe fuska da hularsa ya fita.

Asalin dutsen daga mijinta ne. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Wata dawowa ya ɗauko wa wani ɗan kwangila falalen dutse na ginin wani babban gida, aka yi ragowa, aka bar masa. Dutse ne fari mai ruwan toka, da jijiyoyi a cikinsa kamar hayaƙi. Daga baya na ji ana kiran irinsa mabul. Goggo dai dutse take ce masa. Mijinta ya sa aka shimfiɗa mata shi a baranda, lokacin da duk unguwar daɓen ƙasa ne ko siminti. Mutane sun yi ta dariya, wai wa ke kwana a kan dutse in ba ƙadangare ba. Da bazara ta zo suka daina dariya.

Mijin ya rasu a hanya, ba ta ga gawarsa ba, can aka rufe shi. Ba ta sake aure ba. Ba ta taɓa ce mana saboda shi take wa dutsen abin da take yi ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ga yadda take yi, na gani da idona tun ina yaro har na yi furfura. Da hantsi take farawa, in rana ta shigo barandar ta gefe, don a lokacin ne ake ganin kowace ƙura. Shara ce farko, da tsintsiyar laushi wadda ba a taɓa share tsakar gida da ita ba. Tana cewa, "Ba dauɗa ka cin dutse ba, rairayi na. Kowace ƙwaya wuƙa ce ƙarƙashin ƙahwa." Sai ta tabbata babu yashi sannan ruwa ya taɓa wurin. Ruwan ma ba kowane ba. Ruwan rijiyarmu yana barin fari-fari in ya bushe, don haka take tara ruwan sama a randa biyu, in ya ƙare ta sa a ɗebo na gulbi a bar shi ya kwanta. Tana gutsuro sabulun salo ɗan mitsitsi ta narka a bokiti, har ba ka ganin kumfa. Ta tsoma tsumma, ta matse shi sosai, ta goge fale ɗaya, wato yanki guda na dutsen, ta bi shi da ruwa zalla, ta tsane shi da tsohon zane, sannan ta matsa na gaba. Daga ƙurya take somawa tana ja da baya, ta ƙare a bakin baranda. Ba ta taɓa kwara ruwa ta bar shi ya bushe da kansa ba.

In mai ya zuba, man gyaɗa ko manja, ba ta dirzawa. Takan kwaɓa farar ƙasa da ruwa ta yi kauri, ta lafta a wurin, ta kife ƙwarya a kai, ta ce kowa ya kewaye. In ƙasar ta bushe ta kankare ta da bayan cokalin katako. Ƙasar ce ke tsotse man. Wani lokaci sai ta maimaita.

Abin da ba ta yarda da shi ko kaɗan shi ne tsami. Kunun tsamiya, lemon tsami, zoɓo, nono, duk a tsakar gida ake shansu. Da azumi, in an dama kunun tsamiya, ita kanta sai ta sauko ta zauna a tabarma a ƙasa ta sha ruwa. Muna yara na taɓa tambayarta dalili. Ta ɗauko wani guntun dutsen da ya rage a bayan ɗaki, ta ɗiga masa ruwan tsamiya, ta ce in zauna in kalla. Da ta goge, wurin ya dushe kamar an hura masa numfashi, kuma bai dawo ba. Ta ce, "Ka gani? Shina ci, ba shi amayarwa." Ban sake tambaya ba.

Goggo ba mai sauƙi ba ce, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Tana da faɗa, kuma ba ta saurin hucewa. Ƙanenta, wanda muke kira Baffa, manomin albasa ne a Aliero. Wata shekara ya kawo albasa kasuwar Jega, hadari ya taso, ya shigo da buhunan gidan Goggo tana unguwa. Bai ɗaga su ba, ja ya yi a kan dutsen, ga yashin gona a gindin buhu. Ya bar karce mai tsawo tun daga bakin baranda har kusa da ƙofar ɗaki. Da ta dawo ta tarar da shi zaune yana cin goro.

Ta ce, "Kai wane irin jaki na? Ba ka da hannun ɗagawa?"

Ya ce, "Yaya, dutse na hwa. Dutse! Ba hwatar jariri ba."

Ta ce, "Kwashe tsiyarka ka hita."

Ya ce, "Cikin ruwan sama?"

Ta ce, "Albasa ba gishiri ba ce."

Ya kwashe ya fita. Damina guda ba ta amsa gaisuwarsa ba. Sai da ya zo da kansa da tsintsiyar laushi sabuwa da sabulun salo, ya ajiye a bakin baranda, ya tuɓe takalmi ya tsaya. Ta dube shi ta ce, "Hau mana, ko sai an yi maka kiɗa?" Shi ke nan suka shirya. Amma duk zuwansa sai ta nuna masa karcen da haɓa.

Wannan matar ce kuma, da bazara, in zafi ya yi tsanani har bango yana ƙuna, take buɗe barandar ga matan unguwa. Masu ciki, da masu goyon da zazzaɓi ya kama, sukan zo su shimfiɗa zane su kwanta a kan sanyin dutsen tun azahar har la'asar. Ba ta gayyatar kowa, ba ta kuma korar kowa. Ƙafa kawai take dubawa. Yaro ya yi fitsari, ta tashi ta goge ba tare da faɗa ba.

Akwai wata Bafillatana mai tallan nono daga rugar da ke bayan Gehuru, tsohuwa, wadda ranar kasuwa takan biyo ta huta. Ita kaɗai aka yarda ta hau da ƙwaryar nono, don ba ta iya rabuwa da ita. Wata rana jiri ya ɗebe ta tana sauke ƙwaryar, nonon ya kife gaba ɗaya. Ina wurin. Na ɗauka yau unguwa za ta ji mu. Tsohuwar ta shiga ba da haƙuri, rabi Fillanci rabi Hausa. Goggo ba ta kalli dutsen ba. Ta riƙe ta, ta kwantar da ita, ta ba ta ruwa, ta sa aka dama mata fura. Sai da matar ta dawo hayyacinta sannan ta ɗauko tsumma, lokacin nonon ya riga ya yi aikinsa. Tabon ya zauna, faɗinsa kamar faifai. Na ce, "Goggo, dutsen ya ɓaci." Ta ce, "Na gani. Rufe muna baki." Matar ta ci gaba da zuwa har ƙarshen rayuwarta, kuma a kan tabon ne Goggo take shimfiɗa mata zane don kada ta gan shi.

Da tsufa ya kama ta, gwiwa ta ƙi, sai ta koma yin aikin a zaune, tana jan gindi daga fale zuwa fale. Abin da take gamawa kafin rana ta yi zafi ya koma kai ta azahar. Ta so ta koya wa matan gidan. Sun gwada, ta ce sun cika ruwa, sun cika sabulu, sun yi gaggawa. Suka gaji suka bar mata. Ba na ganin laifinsu duka, don koyo a hannun Goggo sai mai haƙuri. Da haka ya zama babu wanda ya iya sai ita. Sun san dokokin, ba takalmi, ba kunu, amma ba su san dalilin ba.

Yanzu na zo kan abin da ya faru.

Talata da Laraba jama'a sun tattake barandar. An hau da takalmi, an zubar da shayi, yara sun ci shinkafa da mai a kai. Dutsen ya yi baƙi yadda ban taɓa ganinsa ba. Ranar Alhamis ce sadakar uku, za a zo daga ko'ina. Laraba da hantsi na tafi Maiyama, inda nake zaune tun da na yi ritaya, don in ɗauko iyalina. Bayan tafiyata matar yayana ta dubi barandar ta fashe da kuka, ta ce ba za a zo sadakar Goggo a ga dutsenta haka ba. Surukinsu, mijin babbar 'yarsu, aikin sa tayil yake yi a cikin gari, mutumin kirki ne mai zumunci. Ya ce a bar masa. Ya je ya kawo galan na ruwan asid da suke wanke tayil da shi in sun gama aiki.

Na dawo bayan la'asar. Tun daga zaure wani wari ya shaƙe ni. Na tarar da mata suna tari suna murna, baranda jiƙe sharkaf. Matar yayana ta tarbe ni.

Ta ce, "Malam ƙarami, taho ka gani! Dauɗar shekara da shekaru ta hita. Da munka zuba, tahwasa ya yi ta yi, kamar an sa kanwa cikin tsamiya."

Na ce, "Hajiya, me kuka zuba?"

Surukin ya ɗaga galan ya ce, "Wanga na, Baba. Sau biyu munka yi mai, don na farko bai game ko'ina ba."

Na zauna a kan turmi. Yana jiƙe, dutsen ya yi kyau, har na soma roƙon Allah ya sa ni ne ban gane ba. Iska ta busa, ya fara bushewa daga gefe. Inda ya bushe sai ya koma fari fat kamar alli. Muna kallo farin yana ci yana shiga tsakiya. Jijiyoyin suka ɓace. Karcen Baffa ya ɓace, tabon nono ya ɓace, komai ya zama abu ɗaya. Na shafa da hannu, na ji kaushi kamar bangon siminti, gari ya biyo yatsuna. Kumfar da suka ɗauka dauɗa ce ke fita, fuskar dutsen ce take narkewa.

Surukin ya durƙusa ya shafa shi ma. Ya ce, "Wallahi Baba, da shi muka wankin tayil kullum. Ko masallaci da shi muka wankewa. Ban taɓa ganin haka ba."

Na ce, "Na sani. Tashi."

Matar yayana ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. Ba wanda ya yi wa wani faɗa. Wa za ka yi wa? Ƙauna ce ta sa su. Da ba su damu da Goggo ba, da sun bar shi da dauɗarsa, da yanzu yana nan.

Ranar sadaka muka shimfiɗa tabarmi muka rufe shi. Baffa ya zo, ya tsufa ƙwarai, ana riƙe da shi. Ya tuɓe takalmi ya hau, ƙafarsa ta taɓa inda tabarma ba ta kai ba. Ya tsaya. Ya sa sanda ya ɗaga tabarmar, ya duba, ya mayar. Ya ce, "Gara da ta riga dutsen nan tafiya." Bai ci abincin sadakar ba.

Da baƙi suka watse, yayana ya kira ni zaure. Gidan yanzu a hannunsa yake, shi da iyalinsa ke ciki. Ya ce dutsen ya mutu. Tun da fuskar ta tafi, duk abin da ya ɗiga sai ya shige, shayin ranar sadaka ma ya riga ya zauna. Ya ce surukin ya roƙa a bar shi ya fasa ya sa tayil da hannunsa, ko ya samu ya iya shiga gidan ba da kunya ba.

Na ce, "Yaya, dutsen Goggo ne."

Ya ce, "Ni ma a kansa na yi rarrafen hankali, ba kai kaɗai ba. Amma matata ba ta iya bi ta barandar nan. Ta bayan ɗaki take kewayawa, tana kuka. Haka za mu zauna?"

Gaskiya ya faɗa. Abin da na iya samu a wurinsa shi ne a jira arba'in.

Na ji an ce irin wannan dutse ana iya cin fuskarsa da injin da ake goge tarazo da shi, wato daɓen nan na dā na siminti da tsakuwa, a sauka a tarar da lafiyayye a ƙasa. Na nema. A Jega aka ce tsohon da ke wannan aiki ya rasu, 'ya'yansa sun sayar da injin ga masu sayen ƙarfe. A Aliero aka ce ba a taɓa yi ba. A Maiyama wani magini ya yi mini dariya, ya ce, "Baba, wa ka tarazo yanzu? Tayil ta kashe shi." Duk wanda na tambaya tayil ya iya, kuma shawararsa ɗaya ce, a fasa.

Na gwada da kaina. Na samo dutsen wasa wuƙa mai laushi, na zauna a ƙuryar baranda da ruwa a kwano, na yi ta gogawa a hankali tun hantsi har aka kira azahar. Na samu wuri kamar tafin hannu. Bai yi sheƙi ba, amma ya yi santsi, kuma jijiya ɗaya ta fito, siririya, ruwan toka. Ke nan dutsen yana nan a ƙasa. Sai dai da na zo tashi sai da aka kama ni, ƙirjina kuma ya kwana biyu yana ciwo. In da hannuna ne, zan mutu ban gama fale uku ba.

Ba na ruɗin kaina. Ko an goge shi, ba wanda zai tara masa ruwan sama. Na ce wa yayana zan riƙa zuwa daga Maiyama ina wankewa, ya dubi gwiwoyina kawai. Goggo ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba, ba ta da hoto ko ɗaya don ba ta yarda a ɗauke ta. Kabarinta ƙasa ce, damina biyu za ta baje shi kamar na kowa. Mu da muka san ta duk mun tsufa. In aka fasa barandar nan, jikokinmu za su tashi a kan tayil irin na kowane gida, in an ce Goggo su ce wace.

Saboda haka, kai mai karanta wannan, ina roƙonka. In ka san wani mai injin goge tarazo, ko tsohon da ya taɓa aikin dutse, a Birnin Kebbi ne, a Sakkwato ne, ko a ina ne, ka kai masa maganar nan yau, kada ka bari sai gobe. Ka ce ya zo Sabon Garin Jega ya tambayi gidan tsohuwa mai dutse, 'yan kabu-kabu sun sani. Ya zo ya duba da idonsa kafin arba'in. In ya ce ba zai gyaru ba, zan saki, in bar su su fasa. In kuwa ba ka san kowa ba, to ka ɗaga hannu ka roƙa mata gafara, ka haɗa da matar yayana, domin har yau ba ta iya cin abinci.